Yadda Ake Rubuta Wa Yara Littafin Labari Kan In'ina, Cin Zali Da Abotar Waya

Daga unguwar Bagalam zuwa Ali Ɗan Sofo a Maradi, da wuya ka shiga makarantar da babu yaron da ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu. Mushe, wato malamin aji, na ganin ba ya ƙoƙari, ƴan aji na cewa miskili ne, alhali kalma ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Kusan yara 5 cikin 100 kan yi in'ina a wani lokaci na ƙuruciya, galibi tana farawa tsakanin shekara 2 da 5. Wajen uku cikin huɗu takan sake su, amma kusan mutum 1 cikin 100 yakan girma da ita, kuma maza sun fi mata yawa, ninki uku zuwa huɗu a cikin manya. Ke nan makarantar da ke da ɗalibi 600 ba za ta rasa biyar ko shida ba. Waɗannan yara sun saba ganin irinsu a wasan kwaikwayo, inda ake kawo mai in'ina don a ƙyalƙyale da dariya a wuce. Ba su saba ganin kansu a matsayin jarumin labari ba. Tunda a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, buƙatar littattafan yara da Hausa sai ƙaruwa take, kuma irin wannan littafi na cikin waɗanda ya kamata a fara da su.

Yanke hukuncin ƙarshen labari tun kafin ka rubuta layin farko

Babban kuskuren da ake yi shi ne warkar da yaron a babin ƙarshe. Ya hau dandali, ya ja numfashi, magana ta zubo kamar ruwan Gulbi a watan Agusta, kowa ya tafa. Kada ka yi haka. Yaron da ya kai shekara 12 yana in'ina, mai yiwuwa ne zai girma da ita. In ya karanta cewa jarumin ya warke don ya yi jarumta, abin da zai fahimta shi ne rashin jarumtarsa ne ya sa shi bai warke ba. Ka ƙara masa kaya ke nan a kan wanda yake ɗauke da shi.

Nasarar da za ka nufa ita ce yaron ya faɗi abin da yake son faɗa, da kalmomin da ya zaɓa, in'inar na nan, kuma aka tsaya aka saurare shi har ya kai aya. Rubuta wannan a takarda ka liƙa inda kake zama. Duk babin da ke jan ka zuwa ga waraka, ka san ya saki hanya.

Sauraro kafin alƙalami

Nemi masu in'ina manya guda uku ko huɗu waɗanda suka yarda su zauna da kai, kuma a samu mace a cikinsu. Manya sun fi dacewa da wannan zama don sun riga sun yi nazarin abin da ya same su. In za ka zanta da yaro, sai da izinin iyayensa kuma a gabansu. Kada ka tambayi mutum "yaya kake ji", ba za ka samu abin kirki ba. Tambaye shi wace kalma ce ta fi ba shi wuya, me yake yi in waya ta yi ƙara, wane aike ne ya fi ƙi yana yaro, wa ya fi sauƙin magana da shi a gidansu, kuma me ya sa. Ba wa kowane zama minti arba'in zuwa awa ɗaya, kada ka ƙarasa masa kalma ko sau ɗaya, kada ka kawar da kai in ya tsaya. Wannan zaman shi ne makarantarka ta farko: nauyin shirun da za ka ji a jikinka shi ne abin da za ka zuba a littafin. In ka ɗauki wani abu daga rayuwarsu, sauya suna da unguwa da sana'a yadda maƙwabci ba zai gane ba.

Yaron kansa

Ka nufi masu karatu ƴan shekara 10 zuwa 13, daga CM1, wato aji biyar na firamare, zuwa farkon kwaleji. Yara sun fi son jarumin da ya ɗan girme su, don haka ka ba shi shekara 13, sabon shiga kwaleji: sabuwar makaranta, sabbin fuskoki, malamai da yawa maimakon ɗaya, kowanne sai ya tambayi sunansa. Wannan shekara tana da wani amfani, domin WhatsApp da Facebook da TikTok duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani da su.

Zaɓi sunansa da lura. Masu in'ina da yawa sunansu ne ya fi tsaya musu, saboda shi kaɗai ne kalmar da ba su iya musanyawa da wata. Suna mai farawa da b, d ko k, irin Bashiru ko Kabiru, zai ba ka abin aiki tun shafin farko. Sannan ka ba shi rayuwar da ba ta da alaƙa da harshensa: kiwon tantabara, gyaran keke, zane, son kokawa. Ba shi aibi na gaske. Ya zama mai riƙo, ko mai sharara ƙarya a rubuce, ko mai hucewa a kan ƙanensa. Yaron da ba ya laifi, yara ba sa yarda da shi. Abu ɗaya za ka kiyaye: an saba cewa mai in'ina saurin fushi gare shi. In zai yi fushi, mai karatu ya ga dalilin ƙuru-ƙuru, kada ya zama kamar haka aka halicce shi. In ka zaɓi yarinya, labarin zai ɗan sauya, domin ita shirunta yabo ake yi, a ce kunya ce da natsuwa, sai ta daɗe ba wanda ya lura da halin da take ciki.

Ka bar shi ya ba da labarin da bakinsa, da "na" da "ni". Tunanin mai in'ina ba ya in'ina. Mai karatu zai zauna cikin kan yaro mai kaifi da barkwanci, sai ya buɗe baki a ga tazarar da ke tsakanin abin da ke ciki da abin da ya fito. Wannan tazarar ita ce zuciyar littafin.

Yadda ake sa in'ina a takarda

A nan ne littafi ke gyaruwa ko ya lalace, don haka a dakata a kai.

In'ina kala uku ce. Akwai maimaitawa, inda sauti ko gaɓa ke dawowa: "Ba-ba-bashiru". Rubuta gaɓar gaba ɗaya ya fi "B-b-b" sauƙi ga yaron da ke karatu a bayyane, kuma sau biyu ko uku ya isa. Akwai ja, inda sauti ke miƙewa: "Sssukari", "Mmmama". Wannan yana yiwuwa ne da sautukan da iska ke iya ci gaba da fita a kansu, kamar s, sh, z, m, n, h. Ba a jan b, d, k ko t, kuma duk mai in'inar da ya ga "Kkkkabiru" a matsayin ja zai san marubucin bai saurara ba. Na uku shi ne tsayawa cak: baki ya shirya, leɓe sun haɗu, amma ba iska ba murya. Wannan shi ya fi azaba, shi kuma aka fi mantawa da shi, saboda ba ya da harafi. Kada ka cika layi da ɗigo-ɗigo. Bayyana shi: haƙarƙari ya ɗaure, harshe ya liƙe a hanƙa, idanun mutane na jira, ƙuda ya sauka a kan allo ya tashi, kalmar ba ta fito ba.

Yawanci in'ina na faɗawa a farkon kalma da farkon zance. Ka sa ta a can. Kada ka yayyafa ta ko'ina kamar yaji. A magana guda, wuri ɗaya ko biyu sun wadatar. A babin farko nuna ta sosai, daga baya kana iya cewa "sunan ya ɗauke ni lokaci" ka wuce, sai a wuraren da tsayawar ke da nauyi ka sake buɗe ta. In kowane layi ya cika da karan ɗori, mai karatu zai gaji, wanda ke karanta wa aji kuma zai koma ɗan wasan barkwanci ba da niyya ba.

Sai abubuwan da ke biyo ta: ƙifta ido, taurin muƙamuƙi, buga cinya da hannu, cusa "wato" da "am" don a samu gangara. Mafi girma a cikinsu shi ne gudu. Yaro ya hango kalmar da za ta tsaya tun tana nesa, sai ya kauce mata. Ga yadda za a iya nuna shi:

Inna ta ba ni dala arba'in ta ce sukari. Tun daga zaure nake juya kalmar a baki, tana fita sumul. A gaban mai tebur mutum uku na bayana.
"Sss…"
"Mi kake so, yaro? Sabulu?"
Na gyaɗa kai. Da sabulu na koma gida, na ce mantawa na yi.

Babu wanda ya zage shi a wannan wuri, amma mai karatu ya ga asarar. Irin wannan ya fi shafi uku na kuka.

Abu na ƙarshe shi ne in'ina ba ta da tsayayyen hali. Yau ta lafa, gobe ta tsananta, ba tare da wani dalili bayyananne ba. Da yawa ba sa yin ta in suna waƙa, ko suna karatu tare da jama'a baki ɗaya, ko suna magana su kaɗai, ko da dabba. A makarantar allo, in ana karatu murya ɗaya yaron na tafiya daidai da kowa, sai malam ya ce ya biya shi kaɗai ta dawo. Yi amfani da wannan, domin daga nan zargin ke tasowa: "Ai ɗazu na ji ka kana waƙa lahiya lau, da gangan kake yi." Kada kuma ka ɗaure ta da tsoro kaɗai. Tsoro na iya ƙara ta, amma ba shi ke haifar da ita ba. Abu ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana, kuma sau da yawa yana bin jini. Bari ta zo masa wata rana yana cikin murna, yana son ba da labari mai daɗi.

Cin zali ba mugu ɗaya ba ne

Abin da ya raba cin zali da faɗan yara abu uku ne: ana yin sa da niyya, ana maimaita shi, kuma wani ya fi wani ƙarfi, ko na jiki ko na yawan jama'a. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da shi aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar. A wajenmu akwai wata mafaka da mai cin zali ke shigewa: "Ai wasa ne." Mu mutane ne masu wasan taubasai da na ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, har UNESCO ta sa wasan dangantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Littafin ya nuna bambancin ta hanyar aiki. Wasan taubasai ba ni in ba ka ne, kowa na ramawa, a tashi da dariya. Wanda ake kwaikwayon maganarsa da me zai rama? Sa taubashiya a labarin mai tsokanarsa kan rowa da tsoron kare, ba ta taɓa harshensa ba ko sau ɗaya. Yara za su gane ba sai ka yi bayani ba.

Gina cin zalin hawa-hawa. Ya fara da dariya ɗaya a lokacin kiran suna. Sai kwaikwayo a lokacin shan iska. Sai laƙabi ya kama, har wanda bai san asalinsa ba ya riƙa kiransa da shi. Sai a daina zaɓarsa a ƙwallo. Ana buƙatar mutum iri uku: jagora, ƴan amshi biyu ko uku, da masu kallo. Masu kallon su ne mafi yawan waɗanda za su karanta littafinka, saboda haka ka ba ɗaya daga cikinsu suna da fuska da babi nasa. Ya yi dariya a farko, abin ya dame shi, ya yi shiru don tsoron kada a juyo kansa, sai can ya yi ƙaramin abu: ya ƙi dariya, ko ya matsa ya ba shi wuri a benci.

Jagoran ma yaro ne. Ba shi dalili, ba uzuri ba. Wataƙila ya maimaita aji, karatu a bayyane na ba shi kunya, sai ya gwammace a dubi wani. Kada ka sa su zama aminai a ƙarshe. Ya daina, ya isa.

Manya

Sa manya masu kyakkyawar niyya da ke kuskure, domin su ne suka fi yawa. Uba mai cewa "yi a hankali", "ja numfashi", "sake faɗi". Yaya mai ƙarasa masa zance don tausayi. Gwaggo mai cewa tsorata aka yi yana jariri, ko cakulkuli aka yi masa, ko a kai shi wurin wanzami a duba ƙarƙashin harshe. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jawo in'ina, yanka kuma ba ya maganinta. Nuna su da mutunci, kada ka mai da su jahilai. Sannan a samu babba ɗaya da ya iya: yana jira, yana duban yaron kamar yadda yake duban kowa, yana amsa abin da aka faɗa ba yadda aka faɗa ba. In malami ne, ya kira yaron gefe ya tambaye shi yadda yake so a yi, ko a fara da shi don jira na ƙara nauyi, ko su karanta su biyu tare. Cire shi daga karatu gaba ɗaya ba taimako ba ne.

Kaka na iya kawo labarin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata gare shi, wanda ya roƙi Allah a Suratu Ɗaha, aya ta 27 da 28, ya kwance ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa, da yadda Fir'auna ya raina shi a kan bayaninsa a Suratuz Zukhruf, aya ta 52. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi. Waɗannan suna da nauyi a zuciyar yaron Maradi. A kawo su a matsayin lallashi da ɗaukaka, kada a juya su su zama zargin cewa addu'arsa ce ba ta kai ba.

Waya da abokin nesa

Fara da gaskiyar gidajenmu: yaro ɗan shekara 13 da wuya ya mallaki babbar waya. Ta yayarsa ce ko ta mahaifiyarsa, yana samunta bayan isha na rabin awa. Mega na intanet na ƙarewa, wuta na ɗaukewa, mai waya na iya tafiya biki Tibiri da ita kwana biyu. Waɗannan ba cikas ba ne ga marubuci, kyauta ce. Saƙon da ya kwana uku ba amsa ya isa ya riƙe babi guda.

Haɗuwarsu ta zama mai yiwuwa kuma mai tsabta: zauren WhatsApp na masu kiwon tantabara da yayansa ya sa shi, ko na bitar darasi. Abokin ya kasance inda ba a zuwa da ƙafa amma ana iya zuwa wata rana, kamar Damagaram, Tawa, ko Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. In ɗan Katsina ne ka samu ƙarin gishiri, domin yaran Maradi da yawa da ƙa'idar Faransanci suke rubuta Hausa a waya, "sannou", "tchikin guida", shi kuwa na can zai yi mamaki. Nuna wannan a saƙo biyu ko uku na farko, sannan ka koma daidaitacciyar Hausa don kada ka rikita masu koyon rubutu.

Me ya sa abotar ke da daɗi? A rubuce yaron ba ya jira, ba a jiransa. Barkwancinsa na isa a kan lokaci. A karon farko wani ya san shi ta abin da yake faɗa. Ba wa wannan daɗin haƙƙinsa, babi uku ko huɗu, kada ka yi gaggawar ɓata shi da wa'azi.

Amma ga inda labarin Maradi ya sha bamban da na wasu wurare. Mu mutanen vokal ne, wato saƙon murya. Tsoho da yaro, mai boko da marar boko, kowa danna alamar makirfo yake ya yi magana. Ba za a yi sati biyu ba abokin zai ce, "Yi mini vokal mana, rubutu na cin lokaci." Wannan jimla ita ce ƙashin bayan littafinka. Yaron zai fara kawo dalilai: makirfon ya lalace, ana barci, akwai hayaniya. Ƙarya ta haifi ƙarya. Sai daren da ya shige bayan ɗaki ya gwada. Ya danna, ya tsaya a gaisuwa, ya goge. Ya sake, ya goge. Sau goma sha ɗaya. Na ƙarshe daƙiƙa 19 ne, kalma takwas kacal a ciki, yatsansa na kan alamar aikawa, yaya na kira a kawo mata wayarta. Rubuta wannan wuri a hankali, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ko ya aika ko ya goge, kai ka zaɓa, amma in ya goge a tsakiyar littafi to ya aika a kusa da ƙarshe.

Abokin ma ya kasance da abin da yake ɓoyewa, kuma amsarsa ta zama irin ta yaro. Kada ya yi jawabi. Ya ce ya ji, sannan ya tambayi lafiyar tantabarar da ta ƙi cin abinci.

Tsaro kuwa a saƙa shi cikin labari. Yaya ta san da abotar tun farko, wata rana ta kira lambar ta gaisa da mahaifiyar abokin. Yaron ba ya ba da sunan makaranta, kwatancen gida ko hoto. Kana iya kawo wani baƙo daga zauren da ya biyo shi ta gefe, ya tura masa kuɗin waya, ya nemi hoto, ya ce kada a gaya wa kowa. Kyauta, gaggawa da neman sirri, su ne alamu ukun da kake son su zauna a kan mai karatu. Babi ɗaya ya isa: yaron ya nuna wa babba, aka toshe lambar. In za a haɗu da aboki ido da ido, da rana, a bainar jama'a, da babba daga kowane ɓangare.

Wayar da ta zama mafaka ita ce kuma za ta iya zama bulala. Wani ya naɗi muryarsa a aji a ɓoye, aka yaɗa a zauren ƴan ajin, har ta kai inda abokin zai ji. Wannan shi ne ƙololuwar rikicin da ya fi dacewa, don ya haɗa igiyoyin uku wuri guda. Nuna matakan da suka dace ta hannun mutanen labarin: kada a rama, a ɗauki hoton saƙon kafin a goge, a nuna wa babba, a kai wa shugaban makaranta. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, babba a labarin na iya ambatarta a jimla ɗaya.

Jera babi

Kalma 15,000 zuwa 18,000 sun isa, a babi 16, kowanne wajen kalma 1,000, abin da za a karanta wa aji cikin minti goma. Huɗun farko: makaranta, gida, laƙabi, saƙon farko. Na 5 zuwa 9: abota na ƙarfi, cin zali na ƙaruwa, roƙon vokal da ƙaryace-ƙaryace. Na 10 zuwa 12: naɗin murya, yaron ya ƙi zuwa makaranta, ya daina amsa saƙo. Sauran: mai kallo ya motsa, babba ya sa baki, vokal ya tafi, sai magana a gaban mutane. Fara labarin a Oktoba da buɗe makarantu, ka bar hunturu da zafin Afrilu su nuna tafiyar lokaci. Kowane babi ya ƙare da abin da bai warware ba. A sa abin dariya aƙalla sau ɗaya a babi, amma dariyar ta fito daga bakin yaron, ba a kansa ba.

A labari yi amfani da daidaitacciyar Hausa, a bakin mutane kuwa bar ɗanɗanon gida: "mi", "tahi", "munka", "wanga". Zaɓi ƙa'idar rubutu ɗaya ka tsaya a kanta. A Nijar ƴ ake rubutawa inda Najeriya ke sa 'y.

Gwaji da bugu

In ka gama, ajiye rubutun sati uku, sannan ka karanta shi da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe. Mayar wa masu in'inar da ka zanta da su, ka tambaye su wuri ɗaya da ya yi ƙarya da wuri ɗaya da ya yi zafi fiye da kima. In ka samu ƙwararren mai gyaran magana, wanda a Faransanci ake kira ortofonis, ya duba bayanan, sai dai irinsu kaɗan ne a ƙasar. Bayan haka gwada babi uku a gaban yara goma zuwa goma sha biyar, kana lura da inda suka yi dariya. In sun yi ta a wurin da yaron ya tsaya, rubutun ne ko karatun ke da gyara. Mai karantawa ya faɗi in'inar a natse, ba murguɗa baki ba ƙari. In akwai mai in'ina a ajin, a same shi shi kaɗai tun kafin ranar a nemi yardarsa, kuma kada a nuna shi.

Wajen bugu, girman A5 ya fi dacewa, harafi mai lamba 14, da salon rubutun da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kamar Andika ko Charis SIL. Kai wa maɗaba'a PDF, domin in ka kai fayil ɗin da ake iya gyarawa kuma injinsu ba shi da salon, haruffan nan kan koma akwatuna. A wannan girma shafi na ɗaukar kalma kusan 200, ke nan da zane goma sha biyu za ka kai shafi 96. Yawan shafi ya rabu da 4. Shafi 96 ya yi wa maƙalar ƙarfe kauri, littafin zai riƙa buɗe baki, gara ɗinki da manni. Takardar ciki mai giram 80, bango mai 250. Gaya wa mai zane kada ya zana yaron da karkataccen baki, ya zana shi da tantabarunsa. Nemi kwafi ɗaya na gwaji ka duba kafin a buga sauran, ka kuma yi rajistar aikin a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA.

A ƙarshen littafin ware shafi biyu ga iyaye da malamai: abin da za su daina faɗa, abin da za su yi, da tambayoyi shida na tattaunawa a aji. Don ƙaddamarwa akwai ranaku biyu da suka zo kusa da juna a farkon shekarar karatu: 22 ga Oktoba, ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya tun 1998, da Alhamis ta farko a Nuwamba, ranar da UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu. In za a naɗi littafin a murya don rediyo ko WhatsApp, babi ɗaya a kowane saƙo, a fara tayin karanta muryar jarumin ga mai in'ina na gaske, a biya shi ladan aikinsa, kuma mai tace sauti ya bar tsaye-tsayen yadda suka zo.